Da harshe ake haihuwar yaro, ko a duniya yake tsintarsa?

Bahaushe yana cewa "na sayi doya". Idan ya ɗauke doyar ya sa wakilin suna, sai ya ce "na saye ta". Idan bai ambaci komai ba, "na saya". Aikatau ɗaya ne, amma wasalinsa na ƙarshe yana sauyawa har sau uku gwargwadon abin da ke biye da shi. Haka "sun zo" take rikiɗewa ta koma "suka zo" da zarar magana ta zama tambayar neman waɗanda suka yi aikin: "su wa suka zo?" Duk wanda ya ce "su wa sun zo?" an san ba da Hausa ya tashi ba. Babu uwar da ke zaunar da ɗanta ta biya masa waɗannan ƙa'idoji, galibin iyaye ma ba su san da su ba, amma yaro kan riƙe su tun kafin a kai shi aji ɗaya, a shekarun da bai iya ɗaura zariyar wandonsa ba. Ta ina ya samo su?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kwaikwayo: ya ji, ya maimaita, aka gyara masa. Tsohuwar amsa ce. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya bayyana harshe a matsayin ƙwarewa da ke zama jiki ta hanyar yawan ji da maimaitawa, ya kuma ƙi yarda da masu zaton Balarabe da fasahar Larabci aka haife shi. A 1957 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, masanin halayya wanda ya shahara da horar da ɓeraye da tantabaru, ya kai wannan ra'ayi ƙarshensa. A ganinsa jariri yana fitar da sauti barkatai, wanda ya jawo masa nono ko murmushin uwa sai ya ci gaba da yin sa, wanda bai jawo komai ba ya yar.

A 1959 Noam Chomsky, matashin masanin harshe a cibiyar MIT da ke Amurka, ya yi wa Skinner raddi mai zafi, kuma daga nan muhawarar zamani ta faro. Akwai abin da ake yawan jingina masa wanda bai faɗa ba. Bai ce ana haihuwar yaro da Hausa ko Larabci ba. Jaririn Kano da aka rene shi a Tokiyo Japananci zai yi, tsaf. Abin da ya ce shi ne maganar da ke shiga kunnen yaro ba ta kai ta bayyana abin da yaron ya sani daga baya ba, don haka dole akwai wani shiri da ya zo da shi daga ciki, wanda ke cike giɓin.

Hujjarsa ta farko ita ce yara suna faɗin abin da ba su taɓa ji ba. A 1958 Jean Berko ta nuna wa yara 'yan shekara 4 zuwa 7 masu jin Turanci zanen wata halitta mai kama da tsuntsu, ta ce sunanta wug, kalmar da ita ta ƙago. Sai ta nuna guda biyu ta bar su su ƙarasa jimlar. Suka ce wugs, da ƙarin jam'in Turanci a inda ya dace. Ba hadda suka biya ba, ƙa'ida suka yi aiki da ita. Haka nan yaro mai koyon Turanci yakan fara da went daidai, daga baya a ji ya ce goed, kalmar da babu babban da ke faɗa, sannan ya dawo kan went. Kuskuren nan alamar ci gaba ne, don yana nuna yaron ya gano tsari har ya wuce da shi gona da iri. Manya ma haka suke yi ba tare da sun lura ba: babu kwamitin da ya zauna kafin kwamfuta ta zama kwamfutoci a kan sawun mota da motoci.

Hujja ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ce ƙashin bayan ra'ayin. A duba wannan jimla: "Akuyar da Malam ya saya ta ɓace." Sunan da ya fi kusa da aikatau na ƙarshe Malam ne, amma kowa "ta ɓace" zai ce, domin akuya ake magana. Ko kuma "ƙanin Musa ya yabi kansa". Musa ne sunan da ke dab da aikatau, amma ƙanen ne ya yabi kansa, babu mai fahimtar akasin haka. Ke nan mai magana ba jerin kalmomi yake bi ɗaya bayan ɗaya ba. Yana ɗaure su rukuni rukuni, ya san "akuyar da Malam ya saya" abu guda ne mai shugaba a ciki. Wannan ɗauri ba a jin sa a kunne. Ƙa'ida mafi sauƙi da yaro zai iya zato ita ce "bi sunan da ya fi kusa", kuma za ta yi masa aiki a gajerun jimloli masu yawa. Chomsky ya ce yara ba sa ma gwada irin wannan gajeriyar hanya. A 1987 Stephen Crain da Mineharu Nakayama suka sa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su gina tambayoyin Turanci masu sarƙaƙiya. Yaran sun yi kurakurai da dama, amma ba irin wanda bin jerin kalmomi zai haifar ba.

Ta uku ita ce batun gyara. Roger Brown da Camille Hanlon, a 1970, sun bi diddigin hirarrakin iyaye da 'ya'yansu da aka naɗa, suka ga iyaye gaskiyar magana suke kula da ita fiye da nahawunta. Idan yaro ya ce "Mama ya dawo", za a ce masa "e, ta dawo" a wuce. Idan ya ce yau Juma'a alhali Alhamis ce, a nan za a tsayar da shi.

Daga waɗannan aka gina abin da ake kira nahawun bai-ɗaya, wato tsarin da ake zaton duk harsunan duniya sun yi tarayya a kansa saboda yana cikin halittar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Sai dai abin da ake cewa yana cikinsa ya yi ta sauyawa. A farkon shekarun 1980 an ce akwai ƙa'idoji tsayayyu da kuma wasu zaɓuɓɓuka ƙalilan da yaro zai tantance daga abin da ya ji. Misali, Hausa tana sa aikatau kafin karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, "na ci tuwo", Barbarci da Japananci kuwa karɓau suke gabatarwa, don haka aikin yaro kawai ya gane wane ɓangare harshen gidansu ya ɗauka. Da aka nazarci ƙarin harsuna, zaɓuɓɓukan suka yi ta ƙaruwa har lissafin ya gagara tsayawa. A 2002 Chomsky tare da Marc Hauser da Tecumseh Fitch suka rage da'awar matuƙa. Suka ce wataƙila abin da ya keɓanta ga harshen ɗan Adam guda ɗaya ne tak: iya cusa gini a cikin gini ba iyaka, kamar "ɗan ƙanwar matar maƙwabcin liman", ko "Ladi ta ce Audu ya ji Malam yana zaton an tafi".

To me bincike a kan jarirai ya nuna? A 1971 Peter Eimas ya ba jarirai 'yan wata 1 da wata 4 robar tsotso da aka haɗa da na'urar auna tsotsa. Ana kunna musu "ba, ba, ba" har su gaji tsotsar ta yi sanyi, sai a sauya zuwa "pa". Nan take tsotsar ta ƙaru, alamar sun ji bambanci. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gano abin da ya fi wannan ban mamaki. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 daga gidajen masu Turanci suna rarrabe sautukan "t" guda biyu na harshen Hindi waɗanda iyayensu ba sa iya rarrabewa, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunnen ya riga ya karkata ga harshen gida kafin kalmar farko ta fito. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, har bari da ɓari su zame masa ɗaya. Amma a yi hattara da wannan hujja. A 1975 an nuna cewa cincila, wata 'yar dabba mai gashi ta Kudancin Amurka, ita ma tana raba "da" da "ta" kusan a inda mutum ke rabawa. Wannan baiwar kunne ce, ba ta tabbatar da nahawu.

Hujja mafi nauyi daga kurame ta fito. Jarirai kurame da iyayensu ke maganar hannu suna yin gwaranci da hannuwansu, suna maimaita motsi marar ma'ana a daidai watannin da masu ji ke "bababa", kamar yadda Laura Petitto ta nuna a 1991. Ke nan shirin ba na baki ba ne, na harshe ne ta kowace kafa ya samu fita.

Sai kuma abin da ya faru a Nikaraguwa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kuraman ƙasar a warwatse suke, kowa a gidansu da 'yan alamun da yake yi da danginsa. A 1977 aka buɗe makaranta a Managuwa, babban birnin ƙasar, da yara kusan 50, zuwa 1983 ɗalibai sun haura 400 a makarantu biyu. Malamai karatun leɓe da furta Sifaniyanci suke koyarwa, abin da bai yi wani tasiri ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka haɗa alamunsu na gida suka fara fahimtar juna, malamai na kallo ba su gane ba, har a 1986 aka gayyato masaniyar harshe Judy Kegl daga Amurka. Abin da aka gano shi ne rukunin farko, waɗanda suka haɗu sun ɗan tasa, maganarsu ba ta da tsayayyen tsari. Ƙananan da suka shigo bayansu, suka koya daga gare su tun suna 'yan shekara 4 ko 5, su ne suka mai da abin cikakken harshe mai nahawu. A 2004 Ann Senghas da abokan aikinta suka nuna wa kuraman da wasu masu ji katun na kyanwa da ta haɗiye ƙwallo tana mirginawa gangaren titi, aka ce su ba da labari. Masu ji, da galibin 'yan rukunin farko, da motsi ɗaya suke nuna mirginawa da gangarawa a haɗe, yadda ido ya gani. 'Yan baya kuwa suka raba shi biyu, alamar mirgina daban, alamar gangara daban, a jere. Sun yanka abin da ido ya gani dunƙule zuwa guntayen da za a iya sake haɗawa da wasu, wanda shi ne aikin kalmomi a kowane harshe. Babu babban da ya koya musu haka, domin manyan ba su da shi.

Wannan ya kawo mu ga batun lokaci. Eric Lenneberg a 1967 ya ce akwai zangon da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, daga ƙuruciya zuwa balaga. An fi kafa hujja da yarinyar da masu bincike suka laƙaba wa suna Genie, wadda aka gano a Los Anjeles a 1970 tana da shekara 13, bayan an kulle ta a ɗaki tun ba ta cika shekara 2 ba, ba mai yi mata magana. Ta koyi kalmomi da yawa daga baya, amma ginin jimla ya gagare ta. Sai dai yarinyar da ta sha yunwa da duka da kaɗaici, ba a iya cewa rashin jin magana ne kaɗai ya yi mata illa. Hujjar da ta fi tsabta ita ce ta Elissa Newport a 1990. Ta gwada kurame manya waɗanda duk sun shafe aƙalla shekara 30 suna maganar hannu ta Amurka. Waɗanda suka fara tun haihuwa sun fi waɗanda suka fara a shekara 4 zuwa 6, su kuma sun yi wa waɗanda suka fara bayan shekara 12 nisa a nahawun aikatau. Shekara talatin na amfani ba ta goge makarar farko ba.

Akwai hujjoji biyu da jaridu suka kambama fiye da ƙima. A 2001 an gano cewa tawaya a ƙwayar gado mai suna FOXP2 ce ke sa kusan rabin wani dangi a Ingila fama da magana, aka yi ta kiranta ƙwayar nahawu. Ba haka ba ne: ɓeraye da tsuntsaye ma suna da ita, kuma babbar matsalar dangin ta sarrafa leɓe da harshe wajen jera sautuka ce. Na biyu shi ne birai. Wani cimfanzi mai suna Nim da aka rena a cikin mutane a shekarun 1970 ya koyi alamun hannu kusan 125, amma jagoran aikin, Herbert Terrace, ya yarda a 1979 cewa ba ya gina jimla. Wannan ya nuna mutum daban yake, bai nuna mene ne ya bambanta shi ba.

Masu adawa ba su koma wa Skinner ba. Cewa suka yi an raina ƙarfin koyon jariri, an kuma raina yawan abin da ke cikin maganar da yake ji. A 1996 Jenny Saffran da abokanta suka kunna wa jarirai 'yan wata 8 jerin gaɓoɓi na minti 2 kacal, ba tsayawa ba karin murya, wanda aka gina daga ƙagaggun kalmomi huɗu irin su bidaku da golabu. Alama ɗaya ce a ciki: bayan "bi" kullum "da" ke zuwa, amma bayan "ku" gaɓoɓi uku ne ke iya biyowa. Da wannan lissafi kaɗai jariran suka rarrabe kalmomin daga guntayen da suka ratsa iyaka. Michael Tomasello kuma ya nuna 'yan shekara 2 ba su da sakin jiki da nahawu yadda ake zato. Idan aka koya musu sabon aikatau a siga ɗaya, sukan maƙale a kanta, sai wajen shekara 3 suke juya shi yadda suka ga dama. A ganinsa abin da yaro ya zo da shi shi ne iya karanta nufin mutane, wanda ke bayyana tun wajen wata 9 lokacin da ya fara bin idon uwa da yatsarta, da kuma iya tsinto tsari. Hatta batun gyara an sake duba shi: wancan "e, ta dawo" da uwa ta faɗa ai gyara ne a fakaice, kuma bincike ya nuna iyaye suna yawan yin sa.

Ta ɓangaren harsunan duniya, Nicholas Evans da Stephen Levinson sun yi jayayya a 2009 cewa da wuya a sami ƙa'idar nahawu ɗaya da harsuna kusan 7,000 suka haɗu a kanta. Daniel Everett ya ce a 2005 harshen Piraha na dajin Amazon a Birazil ba ya cusa jimla cikin jimla, maganar da har yau ake sa-in-sa a kai. Kwanan nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo zancen, domin suna fitar da jimloli masu kyan nahawu ba tare da an dasa musu ƙa'idoji ba. Sai dai da dubban biliyoyin kalmomi ake horar da su, yaro kuwa da miliyoyi ƙalilan a shekara yake kammala aikin, don haka kowane ɓangare yana jan wannan hujja zuwa gefensa.

Idan aka auna, cewa ɗan Adam yana zuwa duniya a shirye don harshe, kuma shirin yana da wa'adi, wannan ya tabbata. Cewa shirin ƙa'idojin nahawu ne na musamman da aka rubuta a ƙwaƙwalwa, wannan bai tabbata ba, kuma masu da'awar da kansu sun rage ta. Amma masu cewa koyo ne zalla su ma da sauran bashi a kansu, don har yanzu ba su gamsar ba a kan dalilin da ya sa yaran Managuwa suka fitar da tsarin da ba ya cikin abin da suka gani.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne abin da ya shafi iyaye kai tsaye: shirin ba ya tashi sai da mutum mai rai. A 2003 Patricia Kuhl ta sa jarirai 'yan wata 9 daga gidajen masu Turanci zama 12 na minti 25 da masu jin Sinanci. Waɗanda aka yi wa wasa ido da ido sun riƙe sautukan Sinancin, waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin ba su amfana da komai ba. Waya a hannun ɗan shekara ɗaya ba ta maye gurbin yayarsa da ke goya shi tana yi masa surutu. Harsuna biyu ko uku a gida kuwa ba sa jawo jinkiri. Yaron zango a Kumasi da ke tashi da Hausa da Tuwi, ko na Maiduguri mai Hausa da Barbarci, idan za a ƙirga kalmominsa a haɗa na harsunan duka, kuma gauraya su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce.

Yara sun bambanta, amma akwai ma'auni. Gwaranci mai maimaita gaɓa kan fara tsakanin wata 6 da 10, kalmar farko wajen shekara 1, kalmomi kusan 50 wajen wata 18 zuwa 24, sannan haɗa kalma biyu irin "ba ruwa" ko "Baba tafi". Idan yaro ya cika wata 12 ba gwaranci ba nuni da yatsa, ko wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara 2 ba ya haɗa biyu, ko ya daina abin da ya riga ya iya, abu na farko shi ne a auna jinsa a asibiti, kada a tsaya ga "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi". Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne, domin yana iya ganin inuwa ko jin motsin iska, kuma mai raunin ji yakan ji ƙarar ƙofa amma s da sh da ts su wuce shi. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a makon haihuwa da kunne mai yawan zubar da ruwa duk suna taɓa ji. Wanda ya tashi daga sanƙarau a auna shi cikin makonni 4, saboda cutar kan sa sashen cikin kunne ya ƙandare ya zama ƙashi, abin da ke wahalar da dashen na'urar ji daga baya. Idan an tabbatar da kurumta, a fara maganar hannu nan take tare da duk wani magani, iyaye da 'yan'uwa su koya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, shi ya sa da yawa ke kai shekara 6 ko 7 ba su da kowane harshe. Maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa a 2000, cikakken harshe ce mai ƙa'idojinta, kuma koyonta ba ya hana yaro koyon furuci idan yana da sauran ji.